Yaron da ya tashi a gaban talabijin: daga wata 5 zuwa shekara 2 da rabi

Gidan da mutanen cikinsa

Gidan haya ne, ciki da falo, a wata sabuwar unguwa da ke gefen birnin Kano. An sakaya sunayen mutanen gidan. Maigidan yana da shago a kasuwa, yana fita wajen ƙarfe 8 na safe, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Matarsa tela ce, keken ɗinkinta yana falo, nan take wuni. Yaron da ake magana a kansa shi ne ɗansu na fari. An haife shi lafiya a kan watanninsa, ya sha nono zalla har wata 6, ba a tsallake masa rigakafi ko ɗaya ba.

Iyayen biyu a gidan yawa suka tashi, inda jariri ba ya daɗewa a hannu ɗaya. Kaka ta karɓa, gwaggo ta karɓa, 'yan matan gida su yi ta rububin goyo, kowa da irin surutun da yake yi masa. A wannan gidan kuwa, daga safe har dare mutum biyu ne kawai, uwa da ɗa. Akwai kuma wani abu da ita kanta uwar ba ta ɗauke shi komai ba sai daga baya, wato kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta saba zama ta yi ta yi masa hira da wasa ba, domin a gidan da ta tashi wannan aikin kakanni ne da sauran dangi.

Yaron yana wata 4 maigida ya saka sola. Kafin nan talabijin sai an kawo wuta, wani lokaci a kwana biyu ba a gan ta ba. Da sola ta zo sai ta zama tun bayan karin kumallo ake kunna ta, ba a kashewa sai za a kwanta. Uwar ta ce ba kallo take yi ba, gidan ne ya yi mata shiru da yawa, muryoyin suna ɗebe mata kewa.

Wata 5 zuwa wata 14

Tana ɗinki, yana kwance a 'yar katifa a gabanta, fuskarsa tana kallon talabijin. Ta lura da zarar an saka tashar zanen yara yakan daina kuka ya ƙura ido. Daga nan aka tura mata waƙoƙin yara na Turanci a waya. Maigida ya ji daɗin abin, yana cewa yaro zai iya Turanci tun yana goye.

A wata 6 aka fara ba shi kunu. Ya ƙi cokali, sai aka jingina waya a gabansa, ya buɗe baki yana kallo. Ranar farko ke nan. Kafin ya cika wata 10 ba ya karɓar abinci sai da waya, barci ma sai an ɗora masa ita a gefen filo.

Ta fuskar jiki babu abin da ya ja baya. Ya zauna, ya yi rarrafe, ya kama tsayuwa, ya taka a wata 13, nauyinsa yana tafiya daidai a katin awo. Shi ya sa babu wanda hankalinsa ya tashi. Baƙi ma yaba shi suke yi, suna cewa yaro ne mai haƙuri, ba ya da rigima.

Wata 15: ranar rigakafin ƙyanda na biyu

Ma'aikaciyar lafiyar da ta yi masa allura ta kira sunansa sau biyu don ta lallashe shi, bai waiwayo ba. Uwar ta ciro waya, nan take ya yi shiru. Sai ma'aikaciyar ta tambaye ta: "Maman yaro, in kin kira shi a gida yana juyowa? In yana son abu yana nuna miki da yatsa? Kalma nawa yake faɗa?"

Amsar ita ce wani lokaci yana juyowa, wani lokaci sai an taɓa shi. Ba ya nuni, hannunta yake ja zuwa inda waya take. Kalma kuma babu wata tsayayya, sai dai yana bin kiɗan waƙoƙin da gunguni.

Ma'aikaciyar ta gaya mata abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Jaririn da bai cika shekara 1 ba, ba a so ya yi kallon talabijin ko waya sam. Ɗan shekara 1 ma ba a so. Daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana, in an rage ya fi. Ta nemi abu biyu: a kai shi a duba jinsa, sannan uwar ta ɗauki mako guda tana rubuta awannin da yake yi a gaban allo, wato talabijin ko waya.

Ba a yi ko ɗaya ba a lokacin. Da maganar ta kai ga mahaifiyar maigida, sai ta ce namiji ne, maza da ma suna da nauyin baki, ubansa ma sai da ya kusa shekara 2 kafin ya buɗe baki. Aka bar maganar har wata biyu.

Wata 17: abin da awo ya nuna

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani suna da suka je. 'Yar ƙanwar uwar, wadda yaron ya girma da wata guda, tana cewa "Umma", "ruwa", "ba ni", tana ɗaga hannu in za a tafi. Shi kuwa ya maƙale a cinya yana laluben jakar uwarsa. Da suka dawo gida ta samo littafi ta fara rubutawa.

Bayan kwana 7 ga abin da ya fito. Kallon da yake yi kai tsaye, waya da tashar yara, awa 3 zuwa 4 a rana, fiye da rabinsa lokacin cin abinci da shirin barci. Talabijin tana kunne a ɗakin da yake ciki awa 10 zuwa 11. Lokacin da wani ya zauna ido da ido yana yi masa magana, in an tattara duka, bai kai awa 1 ba. Barcinsa na dare da rana ya kama awa 9 zuwa 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14. Kalmarsa ɗaya ce tak, "Abba", ita ma kowa yake kira da ita. Ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take amfani da shi yana sa ran yawancin yara a wata 18 suna ƙoƙarin faɗin kalma 3 ko fiye, ban da kiran uwa da uba.

A wannan watan aka kai shi asibiti. An duba kunnuwansa, an gwada jinsa, lafiya lau. Likitar yara ta zauna da shi a ƙasa tana yi masa wasa, ta ga yana haɗa ido, yana dariya in an yi masa wasan ɓuya, yana miƙa abu in an miƙa masa hannu. Ta ce a yanzu ba ta ga alamun lalurar otizim ba, wadda ke shafar mu'amalar yaro da mutane, amma za ta so ta sake ganinsa in ya cika shekara 2. Ta ce a rage kallo, a yawaita yi masa magana.

Wata 17 zuwa wata 19: abubuwa uku da aka gwada

Na farko, an ɗauke wayar rana ɗaya. Ya yi kuka har muryarsa ta dishe, ya ture kwanon kunu, ya ƙi barcin rana. Lokacin ɗinkin sallah ne, kaya sun taru, masu kaya suna ta aike. A rana ta uku da ta ga ya wuni bai ci abin kirki ba, ta mayar masa da ita. Duk kwanakin nan talabijin ɗin falo tana kunne yadda ta saba, domin a tunaninsu ta manya ce, ba tasa ba.

Na biyu, shawarar maigida ce. Ya ce tun da Turancin ne bai gane ba, a canza masa zuwa abin da zai amfane shi. Aka goge waƙoƙin, aka tura bidiyon koyar da haruffa da ƙirga da sunayen dabbobi, wasu da Hausa wasu da Larabci. Awannin ba su ragu ba, sai ma aka ƙara sakin jiki saboda ana ganin karatu yake yi. Bayan mako 6 kalmarsa tana nan guda ɗaya.

Wannan sakamakon ya zo daidai da abin da masu bincike suka daɗe da gani. A shekarar 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun ɗauki jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da Turanci kawai ake yi, suka yi musu zama 12 da masu jin harshen Mandarin na ƙasar Sin. Waɗanda mutum ya zauna a gabansu yana yi musu wasa da magana sun iya bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a bidiyo, da waɗanda aka kunna wa murya kawai, ba su koyi komai ba, tamkar ba su taɓa jin harshen ba. A 2010 kuma Judy DeLoache ta Jami'ar Virginia ta gwada wani bidiyon koyar da kalmomi da ake sayarwa iyaye, a kan yara 'yan wata 12 zuwa 18, tsawon wata guda. Waɗanda suka kalla ba su fi waɗanda ba su kalla ba. Waɗanda suka fi koyo su ne waɗanda iyayensu suka koya musu kalmomin da bakinsu, babu bidiyo.

Na uku, uwar ta yanka masa awa 1 a rana, tana duba agogo. Da rana tana iya ƙoƙarinta. Amma maigida in ya dawo a gajiye, yaro ya hau jikinsa yana ƙunƙuni, sai ya miƙa masa tasa wayar don ya samu ya ci abinci. Doka ta zama ta mutum ɗaya, yaron kuma ya gane wajen wanda zai je.

Wata 20: yaye

Da lokacin yaye ya yi aka kai shi wajen kakarsa ta wajen uba, kamar yadda aka saba. Ba don maganar talabijin aka kai shi ba. Gidan babba ne a cikin gari, da yara fiye da goma, da kaji da awaki a tsakar gida. Talabijin ɗaya ce, a ɗakin samari, sai an kawo wuta da dare. Wayar Hajiya ƙarama ce mai madannai.

Kwanakin farko sun yi wuya, ga kewar nono ga kewar waya, Hajiya ta sha goyo da jijjiga. Wajen kwana na biyar ya fara zama a bakin tire tare da sauran yara, ya ga kowa yana kai hannu, shi ma ya kai. Hajiya kuwa ba ta rufe baki a kansa. Da safe ta ce, "Maigidana, ka tashi? Ina kuɗin cefane?" Ya yi wani sauti, ta ce, "Au, babu? To yau ba tuwo." Yara su kwashe da dariya, shi ma ya yi. In akuya ta shigo ta ce masa ya kore ta, in ya nuna randa ta tambaye shi ruwa yake so, ta jira sai ya motsa baki kafin ta ba shi. Yaran gida suna jan shi wasan ƙasa, suna ƙwace masa abu, yana bin su.

Mako 5 ya yi. Ya dawo da kalma wajen 12, ciki har da "zo", "ba ni", "ruwa", "a'a", da "Jiya" da yake kiran kakarsa. Yana nuni da yatsa, yana juyowa in an kira shi, yana cin abinci da hannunsa.

Wata 21 zuwa wata 24

Cikin mako biyu da dawowa abubuwa suka fara komawa gidan jiya. Ya ga talabijin a kunne, ya je ya tsaya a gabanta. Ya fara neman waya lokacin abinci. A wannan karon maigida da kansa ya ga bambancin yaron da ya ɗauko daga gidan Hajiya da wanda yake gani yanzu, sai suka zauna suka tsara abu tare.

Talabijin ba a kunna ta da rana muddin yaron yana farke. Uwar tana jin rediyo in ya yi barci. Wannan shi ne abin da ya fi yi mata wuya, kuma shi ne ya fi canza gidan. Akwai wani bincike da Dimitri Christakis ya jagoranta a Amurka a 2009, inda aka saka wa yara 'yar na'urar ɗaukar sauti a rigarsu su wuni da ita. An gano cewa duk awa 1 da ake jin sautin talabijin a wurin, kalmomin da yaro yake ji daga bakin manya suna raguwa da kimanin 770. Uwar ma ta ce da aka kashe talabijin, sai ta samu kanta tana yi masa magana ba tare da ta shirya ba, domin babu wata murya a ɗakin sai tata da tasa.

Abinci babu waya. Tana zaunar da shi a gabanta su ci a kwano ɗaya. In ya ƙi, ta ɗauke ba faɗa, ta sake kawowa bayan wani lokaci. Kwana 10 aka yi ana wannan kafin ya daina tambaya. An riƙa auna nauyinsa duk wata don a tabbata bai rame ba, bai kuwa rame ba.

Ta ware masa kwando kusa da keken ɗinki, da ragowar atamfa da manyan ƙwaryar zare da murafen roba, ta kawar da allura da maɓalli da almakashi daga inda hannunsa zai kai. Tana ɗinki tana gaya masa wannan ja ne, wannan rigar wance ce, miƙo min wancan. Da farko ta ce nauyin abin take ji, kamar tana magana ita kaɗai. Ta samo masa sunan da za ta riƙa kiransa da shi ba tare da ta ji kunya ba. Bayan la'asar, in yaran maƙwabta sun taso daga Islamiyya, tana fitar da shi ƙofar gida ya yi awa 1 ko fiye a cikinsu. Ranar Juma'a kuma gidan Hajiya.

Maigida ya ɗauki nasa rabon. In ya shigo, wayarsa tana aljihu har sai yaron ya yi barci, yana ba shi minti 20 na wasa kafin ya ci abinci. An bar kiran bidiyo da ƙanwar uwar da ke aure a wani gari, domin a nan mutum ne yake amsa masa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma, a shawararta ta 2016, ta hana kallo ga 'yan ƙasa da wata 18 amma ta ware kiran bidiyo da dangi.

Abin ya ci musu wani abu. Ɗinkin da take gamawa a kwana biyu ya koma kwana uku, ta rage karɓar kaya, wani aikin sai dare bayan ya kwanta. Kuɗin da ke shigo mata ya ragu a watannin nan.

Shekara 2 zuwa shekara 2 da rabi

A wata 24 likitar ta sake ganinsa. Kalmominsa sun kai wajen 40, bai fara haɗa biyu ba. Ta ce a ci gaba, a dawo bayan wata 3. A wata 25 ya fara cewa "Abba zo" da "ba ni ruwa". A wata 30 kalmominsa sun wuce a ƙirga su cikin sauƙi, yana haɗa uku, yana bin umarni kamar "ɗauko takalminka ka kawo". Likitar ta ce ya shiga sahun tsaransa, ba ya buƙatar a tura shi wajen masu gyaran magana. Barcinsa ya koma awa 11 zuwa 12.

Bayan ya cika shekara 2 an dawo masa da kallo kaɗan, minti 20 zuwa 30 bayan la'asar a ranakun da bai fita ba, uwar tana zaune tana tambayarsa me ya gani. Babu kallo a awa 1 ta ƙarshe kafin barci. Har yanzu in ya ga waya a hannun wani yana kuka a ba shi, kuma a gidan biki ko suna ba a rasa mai miƙa masa.

Yadda nake ganin lamarin

Ba za a iya rantsuwa cewa talabijin ita kaɗai ta jinkirta bakin yaron nan ba. Tsakanin wata 18 da 24 lokaci ne da yara da yawa kalmomi suke zubo musu, kuma yayen ya faɗo daidai wannan lokacin. Manyan binciken ma alaƙa suke nunawa. Wanda aka buga a 2023 daga Japan, a kan yara fiye da 7,000, ya gano cewa waɗanda suke awa 4 ko fiye a gaban allo suna 'yan shekara 1 sun fi fuskantar jinkirin magana a shekara 2 da shekara 4, amma bai ce allon ne kaɗai sanadi ba. Hajiya tana da gaskiya cewa wasu yaran suna da nauyin baki kuma suna warwarewa da kansu. Inda ban bi ta ba shi ne jiran, domin da matsalar ji ce, watanni biyun nan da aka bari asara ce babba.

Duk da haka tsarin abin da ya faru yana da wuyar kawar da kai. Ya ci gaba da aka raba shi da allo aka saka shi cikin mutane, ya fara komawa baya da ya dawo, ya sake ci gaba da aka gyara gidan. Jariri yana koyon magana ne ta hanyar karɓa-karɓa: ya yi sauti a amsa masa, ya kalli abu a faɗa masa sunansa a daidai lokacin da yake kallonsa. Bidiyo, komai kyansa, ba ya sanin inda idon yaro yake, ba ya jiran amsarsa. Shi ya sa canza waƙar Turanci zuwa darasin Hausa da Larabci bai yi komai ba. Ɗauke waya rana ɗaya kuma ya faɗi ne saboda an cire abin da ke riƙe yaron awa 4 ba a saka komai a gurbinsa ba, aka bar mace ɗaya da kuka da ɗinkin sallah.

A ganina talabijin ɗin manya mai wuni a kunne ta fi waƙoƙin yaron ɓarna a gidan nan, kuma ita ce aka fi daɗewa ba a zarga ba, saboda babu wanda yake ganin yaron yana kallonta. Ban kuma ga laifin uwar ba. An tashe ta a tsarin da reno aikin mutum goma ne, aka kawo ta inda ita kaɗai ce, da sana'a a hannu. Duk shawarar da za a ba irin wannan gida in ba ta haɗa da uba da dangi da maƙwabta ba, ba za ta wuce kwana uku ba.

Game da adadi, abin da ya zauna a gidan bai wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ba. Ga tsarin gidan: kafin shekara 2 babu kallo sai kiran bidiyo da dangi, bayan shekara 2 ƙasa da awa 1 tare da babba a zaune, ban da lokacin abinci da gab da barci. Yaron da ya kai wata 9 ba ya juyowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuni kuma babu kalma, ko ya daina faɗin abin da ya riga ya iya, kashe talabijin kaɗai bai isa ba. A kai shi a duba jinsa, likitan yara ya gan shi, a yi gyaran gidan tare da hakan.